Ƙafar Buba Tela

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Masara ta bushe a gona, har an fara karya, amma kullum da la'asar sai hadari ya taso daga wajen kogi ya zubar da abin da zai zubar, gari kuma ya koma zufa kamar ba a yi ba. A cikin wannan zufar nake yawon ofis-ofis a Jimeta, ni da jakar leda mai takardun asibiti, ina neman inshorar lafiyar da 'yar kasuwa irina za ta iya biya. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa nake sayarwa. Ba ni da albashi, ba ni da ma'aikatar da za ta yanki wani abu a ƙarshen wata ta ce ta tsaya mini. Hawan jini kuwa da ya tashi kama ni bai tambayi sana'ata ba.

Yaran da ke zaune a ofisoshin nan akwai daɗin baki. Mama zauna, Mama ga ruwa. Wata ta shimfiɗa mini takarda mai kala uku, ta ce akwai tsarin tagulla, akwai na azurfa, akwai na zinariya. Na ce yarinya, ni ko a kunnena zinariya ba ta taɓa kwana ba, faɗa mini na tagullar. Ta ce yana ɗaukar zazzaɓi da ganin likita da ƙananan gwaje-gwaje. Na ce hawan jinin fa? Ta ce wannan tsohon ciwo ne, sai an daɗe ana biya tukuna a duba. Na ce in an zo tiyata fa? Ta ɗora yatsa a kan na zinariyar. A wani ofishin aka tambayi shekaruna, da na faɗa saurayin ya yi ta danna kwamfuta yana girgiza kai, sai ka ce da gangan na tsufa. Ko wanda ya fi sauƙin ma, ka biya yau ba yau za ka fara karɓar magani ba, sai ka jira.

Jiya da na fito daga ofishi na ƙarshe, wata mata tana gasa masara a bakin kwata. Hayaƙin ya haɗu da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai na tsaya cak. Na nemi benci a gaban wani shago na zauna. A irin wannan kakar ce, da zufarta da ruwanta mai taurin kai, shekarar da mutanen arewacin jiha suka gudo Yola, na fara yin wannan yawon. Wancan karon ba don kaina ba ne. Ƙafar mijina nake nema wa mai ceto.

Tela ne. Buba Tela ake ce masa a unguwarmu Dubeli, ni kuwa Malam nake ce masa. Shagonsa na bakin titi, da baƙin keken ɗinki irin na da, wanda ake takawa. Da ƙafar dama yake takawa, daga hantsi har magariba, ƙarar keken ta zama agogon layinmu. Wannan ƙafar ita ta sa mana kwano a rufin ɗaki, ita ta kai 'ya'yanmu makaranta. Ciwon suga ya riga ya kama shi shekaru kafin nan, kuma tun lokacin likita ya gargaɗe shi cewa mai suga ya ji tsoron ƙaya a ƙafa fiye da yadda wani ke tsoron wuƙa.

Ƙungiyar teloli ce ta kawo musu maganar inshora. Wani kamfani ya turo mutum ya ce in sun shiga a dunƙule za a karɓi kowa, har masu tsohon ciwo. Malam ya ƙi da farko. Ya ce mutum ya biya kuɗin ciwon da bai zo ba, ai kiransa yake yi. Na ce Malam, naka ya daɗe da zuwa, har ya shimfiɗa tabarma a ɗakinmu. Ya yi dariya ya biya. Da katin nan yake karɓar ƙwayoyinsa duk wata a wani ƙaramin asibiti, a huda masa yatsa a auna, a duba masa ƙafa. Sau ɗaya ake sabuntawa a shekara, da kaka. Muna da 'yar gona a Mbamoi, in an karya masara sai a kai wasu buhuna kasuwar Ngurore, a biya kati, sauran a ci. Haka muka tsara rayuwarmu, kuma tana tafiya.

Damina na shirin ƙarewa aka fara jin garuruwa suna faɗawa hannun masu bindiga ɗaya bayan ɗaya. Da farko a rediyo, daga baya a bakin mutane, sannan muka gan su da idonmu suna tsallako gada. Wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa, da yawa ba takalmi. Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka sun yi shiru ba. Da rana tsaka yayan Malam, wanda muke ce wa Hamma Usmanu, ya yi sallama a ƙofarmu. Makiyayi ne kuma manomi, mutum mai tsayi, mai kaurin murya, amma ranar da kyar na gane shi. A bayansa matarsa Adda Mairo, da 'ya'yansu, da surukai, da maƙwabtan da suka biyo su don ba su san kowa a Yola ba. Malam ya taso daga shago a guje ya durƙusa a gabansa. Ni na ɗora ruwan zafi, don ƙafafun matan sun kumbura sun tsattsage.

Kada a tambaye ni mu nawa ne a gidan. A dangin Malam ba a ƙirga baƙo, ba a kuma tambayarsa yaushe zai tafi. Na dai san mun ba mata ɗakuna da baranda, maza suka cika zaure, Malam ya kwashi tabarmarsa ya koma kwana a shago. Na aro tukunyar biki. Da asuba mu dama kunu, tsululu, a raba a kofuna da gwangwanaye. Masu kurar ruwa suka gane ƙofarmu har suka ƙara kuɗi. Layin banɗaki ba ya yankewa. In ruwan sama ya sauko sai kowa ya miƙe tsaye riƙe da tabarmarsa, in ya ɗauke kuma zufa ta rufe mu, ga sauron bakin kogi, ga warin jiƙaƙƙun kaya da ba su taɓa bushewa ba. Tuwo sau ɗaya ne, da yamma. Matan su fita bayan gari su tsinko tasba, wato tafasa, da yakuwa, ni in zuba daddawar da ya kamata in kai kasuwa. Yunwar lokacin ba mai kayar da mutum ba ce nan take. Irin wadda ke zama a ƙarƙashin haƙarƙari ce, ka ci ka tashi tana nan.

An zo rubuta sunaye don rabon kayan agaji. Wasu mutane ne da riguna masu tambari, suna bi gida-gida. Malam ya tare su a ƙofa, ya gaishe su da kyau, ya ce, "Babu ɗan gudun hijira a gidan nan. Yayana ne ya kawo mini ziyara." Suka leƙa suka ga yara cike da tsakar gida, suka kalli juna, suka wuce. Maƙwabtanmu sun karɓi shinkafa da mai da gidan sauro. Mu muka karɓi girma.

Sai kuma ranar gishiri. Adda Mairo ta ga gishirina ya ƙare, ta kwance bakin zaninta ta sayo gishiri da magi da ɗan mai a kanti, ta zuba a miya ba ta gaya wa kowa ba. Wani yaro ya yi suɓutar baki. Malam ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya wanke hannu, ya ce a hankali, "Wato mun gaza ke nan." Ya tashi ya tafi shago. Hamma ya kira matarsa a gaban kowa ya yi mata faɗan da ban taɓa jin irinsa ba, ya ce ta kunyata ƙaninsa a gidansa, ta mai da shi mai sayar da tuwo. Matar nan ta yi kuka har idonta ya kumbura, a kan gishiri. Daga ranar ko ashana ba wanda ya sake sayowa.

Ranar karyar masara ce kaɗai na ga gidan ya yi dariya. Muka yi hayar akori-kura zuwa Mbamoi, a kowane shingen sojoji mu sauka mu wuce a ƙafa hannu a sama, mu sake hawa. Muka isa raɓa ba ta bushe ba. Mutanen nan manoma ne na gaske, da suka ga gona sai jikinsu ya dawo. Maza na sare kara, mata na karya suna ɓarewa, aikin da muke yi a mako suka tasar masa a yini. Na dama kunun gyaɗa a gindin bishiya, aka gasa sabuwar masara, yara suka ci har cikinsu ya yi ƙwal. Can na ga Adda Mairo ta tsaya da zangarniya a hannu tana kallonta. Ta ce, "Dija, tamu ma ta isa karya yanzu." Aka ci gaba da aiki.

Da azahar Hamma ya ce, "Buba, jinin mene ne a silifarka?" Malam ya duba. Kututturen kara ne, irin wanda adda ke bari da tsini, ya huda robar ya shige masa tafin ƙafar dama. Bai ji ba. Ya yi ta yawo a kai bai ji ba, don sugan ya riga ya kashe masa jin ƙafar. Hamma ya zare tsinken, ya matse wurin, ya ɗaure da tsumma, ya ce ɗan ciwo ne, gobe ya kame. Ga mai lafiya gaskiya ya faɗa. Ni dai na tuna gargaɗin likita.

Buhuna suka iso gida aka jibge a ɗakin ajiya. Wa'adin katin ya riga ya cika, sakataren ƙungiya ya zo shago ya koma ya sake zuwa, Malam na ce masa a bari a karya masara. To ga shi an karya. Na same shi a shago na ce, "Malam, yaushe za a kai na Ngurore?"

Bai ɗago daga ɗinkin ba. Ya ce, "Ba za a kai ba."

"Katin fa?"

"In fitar da hatsi daga gidan nan a kan idon Hamma? Ya ɗauka me? Ya ɗauka sun yi mana nauyi, muna kawar da abinci."

"A fitar da sassafe mana, kafin su tashi."

"In saci masarata ke nan. Dija, bari ƙura ta lafa, in sun koma sai a sabunta. Allah na nan."

Na ce Allah na nan, shi ya ba mu masarar ma. Ya yi mini kallon da na san magana ta ƙare. Ƙungiya ta rufe karɓar kuɗi ta miƙa sunayen waɗanda suka biya, ba nasa. Ƙwayoyinsa suka ƙare. Muka koma saye a kyamis, na mako, daga baya na kwana biyu, daga baya ya fara raba ƙwaya biyu da haƙori, daga baya ya ce ai yana jin sauƙi. Tuwon masara da kunu kuwa su ne abincin da likita ya ce ya rage, kuma su kaɗai ne a gidan.

Ciwon bai kame ba. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki butar ruwan ɗumi da gishiri in tafi shago kafin titi ya cika, in wanke, in naɗe. Bakin ramin ya yi fari, sannan ya fara ruwa, sannan kumburi ya hau idon sawu. Mai kyamis ɗin layinmu, Obinna, mutumin kirki ne. Yawancin mutanensu sun loda kaya a manyan motoci sun tafi gida, shi ya tura matarsa da yara ya zauna. Ya zo shagon da kansa ya kwance ƙafar, ya daɗe yana kallo. Ya ja ni waje ya ce, "Abeg, Mama Tela, wannan ƙafa ya wuce kyamis. Ni ba zan cuce ki ba. Kai shi asibiti, ya kwanta, yau."

Da kyar na ja shi zuwa ƙaramin asibitin da yake karɓar magani. Yarinyar da ke tagar kati ta danna na'ura ta ce, "Baba, katin nan ya mutu." Na biya kuɗin ganin likita daga jarina. Likitan ya soka masa wani abu a yatsu yana tambaya ko ya ji, Malam na cewa a'a. Ya ce har yanzu da sauran dama. A kwantar da shi, a kankare ruɓaɓɓen naman, a yi ta ba shi allurai masu ƙarfi na makonni, a saukar da sugan, ƙafa za ta tsira. Sai dai a ajiye kafin alƙalami. Da aka faɗi kuɗin, Malam ya fara neman silifarsa a ƙarƙashin gado. Ya ce wa likitan za mu je mu yi shawara.

Washegari na fara yawo. Ofishin kamfaninsu na fara zuwa, da kuɗin sabuntawa a ƙulle, don na sayar da akuyata da kwanukan aurena. Lokacin kowa sayarwa yake, ba mai saye, rabin garin ma na ɗaure kaya don an ce masu bindigar sun doso. An karɓi kayana a wulaƙance. Mutumin ofishin ya saurare ni sosai. Ya ce ƙofar ƙungiya ta rufe sai baɗi. Yanzu in zai shiga, shi kaɗai zai shiga, a matsayin sabo. Sabo kuma ba a ɗaukar masa tsohon ciwo, suga tsohon ciwo ne, gyambon ma ya riga katin. In na biya, zai jira watanni, sannan a ɗauki zazzaɓi da makamantansa.

Na ce, "Shekara biyu yana biyanku. Makonni kawai ya makara."

Ya ce, "Hajiya, ƙa'ida ce, ba ni na rubuta ba."

Na ce, "Ƙafar za ta jira watannin?"

Ya gyara takardun da ke gabansa, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Na shiga wani kamfanin, suka ce su ma'aikatan ofis kaɗai suke yi wa. Na je wani na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce sun bar gari. Wani ya ce zai karɓa amma ban da kwanciya, ban da tiyata, ban da suga, na ce to me ya rage, ciwon kai? A kasuwa wani mai jaka ya tare ni ya ce yana da kati mai aiki nan take, Obinna ya ce in na ba shi ko sisi na zubar a kwata. Ina tafe rana na dukan tsakiyar kaina, hadari ya taso ya jiƙa ni, in bushe a jikin kayan, in shiga wani ofishin ina wari. Yanzu ofisoshin sun ƙaru, akwai na'urar sanyi, har ta waya ana biya. Amsar dai ita ce ta wancan lokacin, an dai koya wa yaran murmushi. Kuɗin akuya da kwanuka suka tafi a allurai 'yan kaɗan da Obinna ya yi masa, kumburin ya ɗan sauka, kuɗi suka ƙare, ya dawo.

Wata safiya ina wanke ƙafar, wari ya sa na kau da kai ba da niyya ba. Babban yatsan ya fara baƙi. Na ce, "Malam, bari in gaya wa Hamma."

Ya ce, "Ki gaya masa ya yi me? Mutumin da ya baro gidansa da gonarsa da kabarin uwarmu, ya zo da rigar jikinsa, shi zan ɗora wa ƙafata? Ya ji cewa saboda tuwon da ya ci na rasa magani?"

"Ko shawara ce ya bayar. Ko ya yarda a rubuta su a agaji, mu sayar da masara."

Ya kama hannuna, jikinsa zafi rau. Ya ce, "Dija, idan kika buɗe baki, ban yafe ba."

Na tsani kunyar nan tasu. Ina faɗa yau, na faɗa masa a lokacin ma. Kunya ce mai kyan gani daga waje, mutane na yabo, ana cewa gidan Buba Tela gidan mutunci. Ni ce mai wanke mutuncin da ruwan gishiri kowace asuba. Ya sa safa, ya saki wando har ƙasa, ya riƙa kunna turaren wuta a shago. Ya koma taka keke da hagu, ɗinkin na karkacewa, ko da yake lokacin ba mai ɗinka sabo, faci kawai ake kawowa. Da yamma ya dafa bango ya shigo gida, yana isa zaure sai ya miƙe sak ya gaida yayansa. Hamma ya ce, "Ƙafa fa, Buba?" Ya ce, "Ta warke, Hamma, saura ƙaiƙayi." A kawo tuwo su ci a kwano ɗaya, shi yana tsakura yana tura wa yayansa wajen da miya ta fi yawa.

Ruwa ya ɗauke a ƙarshe. Rana ta buɗe, ƙudaje suka gane shagon. Wata azahar ina tankaɗe, matar mai shagon kusa ta shigo ba sallama ta ce Malam ya kife a kan keke. Kafin in sa mayafi Hamma da mazan zaure sun riga ni. Suka sa shi a napep, ba ya gane kowa, yana ta sambatu a kan wata riga da bai gama ba. A babban asibiti nas ta sa almakashi ta yanke safar, don ta manne. Hamma na tsaye a kai. Na ga mutumin nan mai tsayi ya ja da baya har ya bugi bango.

Ya juyo gare ni ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar Mbamoi."

"Ba ku kai shi asibiti ba?"

Alkawarin da aka ɗora mini ya riga ya zama banza, ƙafar da kanta ta yi magana. Na gaya masa komai a barandar nan, katin da ya mutu, masarar da aka hana kaiwa Ngurore, kuɗin kwanciyar da likita ya nema, akuyata. Ban sassauta murya ba, ban kuma sunkuyar da kai yadda ake yi wa yayan miji ba. Da na gama sai ya juya ya fuskanci bango, ya ɗaga rigarsa, ya fara kwance wani dogon ƙyalle da ke naɗe a ƙugunsa. Ƙyallen ya yi baƙi da gumi. Ya miƙo mini da hannu biyu. Kuɗi ne, a jere, sun lanƙwashe da siffar jikinsa.

Ya ce, "Shanuna ne. Na sayar a hanya. A banza aka karɓa, amma na sayar."

Na ce, "Tun ranar da kuka zo suna jikinka?"

"Tun ranar."

"Muna shan kunu tsululu suna jikinka."

Ya ce, "Dija, ta yaya zan miƙa wa ƙanina kuɗin tuwo a gidansa? Kin ga abin da gishiri ya jawo. Na ce in za mu tafi in bar masa a ƙarƙashin tabarma."

Adda Mairo na gefe ta toshe baki da mayafi. Ta ce ta roƙe shi ya fi a ƙirga, yana cewa Buba zai ji kunya. Ban yi kuka ba. Na dai rasa wanda zan zaga a cikinsu, na kwance ko na tsaye. Abin da ke cikin ƙyallen ya isa kati, ya isa kwanciyar da likitan farko ya nema, har a yi ragi. Duk watannin nan yana kwana a zaurenmu, taku kaɗan daga shagon.

Hamma ya bi likita har ofis yana cewa ko nawa ne a ceci ƙafar, ga kuɗi. Likitan ya ce ba maganar kuɗi ba ce yanzu, ruɓar ta hau, in ba a cire ba za ta tafi da shi gaba ɗaya. Ni na dangwala yatsa a takardar. Da kuɗin shanun aka biya yankan, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Malam ya yi shekaru bayan nan. Mun sa wa keken hannu, yana juyawa da dama yana tura yadi da hagu, ɗinkin yini ya koma na kwana uku, masu kawo kaya suka ragu. Ba kamfanin da ya sake karɓarsa. Baƙinmu sun koma garinsu da hanya ta buɗe, Hamma kuma bai fasa aiko mana da wake da man shanu ba har Malam ya rasu. Ban taɓa jin ɗayansu ya tayar wa ɗaya da maganar ba.

Abin da ya ƙi barina shi ne la'asar ɗin da ya farfaɗo. Muna zaune, ni a bakin gado, Hamma a kan kujerar roba ya haɗa kai da gwiwa. Malam ya buɗe ido ya daɗe yana kallon silin. Ya kai hannu ya shafa bargon, ya bi shi har inda ya lotsa, ya tsaya. Na jira ya yi salati, ko ya yi kuka, ko ya tambayi wa ya biya. Sai ya juyo ya ga yayansa, ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya don girmamawa, leɓensa a bushe.

Ya ce, "Hamma, an kai muku abinci kuwa?"

Hamma ya share fuska da hannun riga ya ce, "Mun ci, Buba. Mun ƙoshi."

Ranar ba a hura wuta a gidan ba.